Muhawara: Sauro ya ɗauki sunan Mario Coluzzi, mutanen Garki me suka samu?

Ɗan Ringim:
Assalamu alaikum jama'a. Akwai maganar da nake so masanan cikinmu su warware mana. Ɗaya daga cikin manyan sauron da ke yaɗa zazzaɓi a ƙasar Hausa, musamman a wuraren noman rani, sunansa a littattafan kimiyya Anopheles coluzzii. An raɗa masa sunan ne a 2013 don karrama Mario Coluzzi, farfesa a jami'ar Sapienza ta birnin Rum, wanda ya rasu a 2012. Wani babban ɓangare na aikin da ya ɗaga sunan mutumin nan a ƙasarmu aka yi shi, har da Garki ta jihar Jigawa, lokacin tana cikin tsohuwar jihar Kano. Shi ya samu suna, jami'arsa ta samu suna. Mu kuma har gobe Najeriya ce ke ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu fama da zazzaɓin cizon sauro a duniya. To ina amfanin da aikinsa ya yi mana?

Maman Khalil:
Wa alaikumus salam. Wai Garki ta Jigawa? Ni duk zatona ta Abuja ake nufi idan an ce aikin Garki.

Ɗan Ringim:
Ta Jigawa ce Hajiya, nan masarautar Ringim.

Baba Duba-gari:
Bari in fara da aikin kansa, domin da yawa a nan ba a haife su ba lokacin. Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya ne suka yi shi tare, daga 1969 zuwa 1976. Abin da suke so su gani shi ne ko feshin ɗakuna da raba magani ga kowa da kowa zai iya katse yaɗuwar cutar a irin ƙasarmu. An yi feshi da wani magani mai suna propoxur a ƙauyuka 164, aka ware ƙauyuka 22 ana bin mutanensu ɗaya bayan ɗaya, ana ɗibar jini duk bayan mako goma. Sugungum, Rafin Marke, Matsari, Ajura, duk suna ciki. A wasu ƙauyukan feshi kawai aka yi, a wasu aka haɗa da ƙwayar magani, wasu kuma aka bar su ba a taɓa ba don a kwatanta. An yi damina biyu ana wannan, ta 1972 da ta 1973.

Sakamakon ya girgiza su. Feshi ya rage ƙarfin sauro na yaɗa cutar da kusan kashi 90 cikin 100, amma masu ƙwayar cutar a jini ba su ragu da abin da ya wuce kusan kashi ɗaya cikin huɗu ba. Inda aka haɗa da magani an samu raguwa sosai, mutuwar jarirai ma ta ragu, amma cutar ba ta yanke ba, kuma da aka daina ta dawo. Louis Molineaux da Gabriele Gramiccia suka tattara komai a littafi, hukumar ta buga a 1980.

Ɗan Ringim:
Allah ya ƙara lafiya Baba. To ka ga abin da nake faɗa ke nan. An zo, an gwada, an tafi.

Dakta Ummi:
Malam Ɗan Ringim, ka yi haƙuri in ɗan tsawaita, don sai an fahimci abin da Coluzzi ya yi kafin a yanke masa hukunci.

Har zuwa wajen 1960 ana ɗaukar Anopheles gambiae, babban mai yaɗa zazzaɓi a Afirka, sauro ne iri ɗaya. Sai aka lura cewa idan aka haɗa na wani wuri da na wani wuri suka yi barbara, mazan da aka haifa ba sa haihuwa. George Davidson a Landan ya yi wannan aiki sosai. Ashe jinsuna ne daban-daban masu kama ɗaya, ko da madubin likita ka duba jikinsu ba za ka bambance su ba. Matsalar ita ce kafin ka san wane iri ka kama sai ka rene shi, ka haɗa shi da wanda aka sani, ka jira 'ya'ya. Aikin makonni a kan sauro ɗaya.

Coluzzi ya nuna cewa idan ka samu macen sauro da ta sha jini, ƙwanta ya fara nuna amma bai ƙosa ba, akwai wasu manyan zaruruwan gado a jakar ƙwan, kuromosom ke nan, masu ratsi-ratsi kamar saƙi. Ka murƙushe a kan gilashi, ka sa rini, ka duba, ratsin zai faɗa maka wane jinsi ne. Daga nan aka samu damar kama dubban sauro a ƙauye a san ko wanne wane ne.

Abu na biyu shi ya fi shafar Garki. Ya ga cewa a cikin jinsi ɗaya ma, wani yanki na zaren yakan kasance a juye a jikin wasu, a miƙe a jikin wasu. Shi da abokan aikinsa suka bi Najeriya daga dajin kudu har sahel, suka ga wasu juye-juyen, kamar wanda ake kira 2La, suna da wuya a kurmi, amma suna ƙaruwa kana yin arewa, har su kusa game duk sauron da ke ƙasa mai fari. Sannan suka ga sauron da aka kama yana hutawa a cikin ɗaki da wanda aka kama a waje ba su da tsarin zare iri ɗaya. Ma'ana akwai waɗanda a jininsu yake su ciji mutum su fice, ba su sauka a bangon da aka fesa ba. An buga wannan a 1979. Kafin nan lissafin masana ya ginu ne a kan cewa kowane sauro daidai yake da ɗan'uwansa, in ka fesa bango kowa zai taɓa guba daidai gwargwado. Garki da Coluzzi suka rushe wannan zato.

Baba Duba-gari:
Haka ne Dakta. Kuma mu da muka yi aikin feshi daga baya mun ga hakan da idonmu. Ka fesa gari kaf, da bazara mutane su fito da tabarmi tsakar gida saboda zafi, sauro ya same su a can.

Ɗan Ringim:
Na gode Anti Dakta, na ƙaru. Amma ki faɗa mana sunayen da ke kan takardar 1979 ɗin.

Dakta Ummi:
Coluzzi, Sabatini, Petrarca da Di Deco. Huɗu ne, dukkansu 'yan Italiya.

Ɗan Ringim:
To madalla. Su wa suka kama sauron?

Baba Duba-gari:
Yaranmu mana. Wanda bai taɓa yin aikin nan ba ba zai san wahalarsa ba. Mutum zai naɗe wando zuwa gwiwa ya zauna cikin duhu, da tocila a hannu ɗaya da bututun zuƙa a ɗaya, yana jira sauro ya sauka a ƙafarsa ya zuƙe shi kafin ya cije shi. Ɗaya a ɗaki, ɗaya a waje, ana canji har asuba, ana raba abin da aka kama awa-awa. Da safe kuma a shiga ɗakunan mutane a shimfiɗa farin ƙyalle a ƙasa, a toshe ƙofa da taga, a yi feshi, a jira, a tsince waɗanda suka faɗo ɗaya-ɗaya. A Garki da tsakiyar damina akwai ƙauyen da mutum ɗaya ke shan cizo sama da ɗari a dare. Duk wani lissafi da aka yi a Rum ko a hedikwatar hukumar, daga ƙafafun mutanen nan ya fito. A nan kam ina tare da ɗana Ɗan Ringim.

Abu Hanifa Kazaure:
Ni abin da ya fi ci mini rai ba na shekara hamsin baya ba ne, na yanzu ne. Kwanan baya wasu masu bincike suka zo ƙauyenmu, suka gaida mai gari, suka ɗebi tsutsar sauro a gonakin shinkafa, suka shiga ɗakunan mata da sassafe. An karɓe su hannu biyu. Har yau babu wanda ya dawo ya ce ga abin da muka gano. Kuma ba Turawa ba ne, namu ne.

Maman Khalil:
Wannan gaskiya ne Malam. Mu a asibitin karkara haka ake zuwa a kwashi rajistarmu a tafi.

Issoufou Maraɗi:
Salamu alaikum 'yan'uwa na Najeriya. Ni ina ganin kun tsaya a 1979, alhali mutumin ya yi shekara talatin yana aiki bayan haka. Ku duba Mali. Can ya yi aiki da Yeya Touré shekara da shekaru, suna bin ƙauyuka suna duba zaren sauro, har suka rarrabe nau'o'in da suka sa wa sunan Mopti da Bamako da Savanna. Babbar takardar wannan aiki ta fito a 1998, sunan Touré ne a farko, 'yan Mali da dama a tsakiya, Coluzzi a ƙarshe. A 1992 aka kafa cibiyar bincike da horarwa kan zazzaɓin cizon sauro a Bamako, jami'ar Rum na cikin waɗanda suka sa hannu tare da Amurkawa. Touré da Ogobara Doumbo suka riƙe ta, ta yaye ɗalibai masu yawa da yanzu su ne manya. Touré kansa daga baya ya koma Hukumar Lafiya ta Duniya. A Wagadugu ta Burkina Faso ma cibiyar zazzaɓi ta ƙasa da tallafin Italiya ta tashi a shekarun 1980, ɗaliban Coluzzi sun zauna can sun yi aiki da 'yan ƙasa irin su N'Falé Sagnon.

Saboda haka mutumin da kuke cewa ya kwashi ilimi ya tafi, a Mali da Burkina ya bar mutane. Tambayar da ya kamata a yi ita ce me ya sa hakan bai faru a Kano ba.

Ɗan Ringim:
Malam Issoufou, ai wannan ƙara mini hujja ka yi. Mu aka fara da mu, wasu suka ci moriya.

Issoufou Maraɗi:
A'a ɗan'uwa. Aikin Garki ba na Coluzzi ba ne, na hukumar ne da gwamnatinku. Shi an kira shi ne ya duba sauro. Wanda ya kamata ya ce a mayar da wurin cibiya ta dindindin ba baƙo ba ne. Kuma lokacin kuɗin fetur ne, ba za a ce babu hali ba.

Dakta Ummi:
Ina tare da Malam Issoufou a wannan, kuma abin yana mini ciwo. A 1976 akwai ƙwararrun masu duba jini a madubi, akwai masu kama sauro da suka san aikin, akwai rajistar dubban mutane da aka bi shekara biyar, akwai jami'a a Zariya, ga ta Kano tana tasowa. Ba kuma za a ce babu namu a ciki ba sam. Masana jini na Jami'ar Ahmadu Bello, tare da Alan Fleming, sun yi binciken sikila a Garki, da sunayen 'yan Najeriya a takardun. Su suka nuna cewa kusan jarirai 2 cikin 100 ake haifa da cutar a can, kuma mafi yawansu ba sa kai shekara biyar a wancan zamani. Duk kayan gina cibiya suna nan, aka bari suka watse. Yau ɗalibi a Ingila ko Amurka zai koyi lissafin yaɗuwar zazzaɓi da alƙaluman Garki, domin Klaus Dietz da abokansa sun gina wani shahararren tsarin lissafi a kansu tun 1974. Ni kuma ina koyar da 'yan Jigawa da ba su taɓa jin labarin ba sai a ajina.

Jauro Bello:
Dakta, tun da an ambaci Burkina, wai gaskiya ne binciken da aka ce ya nuna Fulani ba sa kamuwa da zazzaɓi? Na ji an ce mutanen Coluzzi ne suka yi.

Dakta Ummi:
Su ne, amma ba haka sakamakon ya ce ba, ranka ya daɗe. David Modiano ne ya jagoranta, aka buga a 1996, da sunan Coluzzi a ciki. Sun kwatanta Fulani da al'ummomin Mossi da Rimaiɓe da ke zaune a yanki ɗaya kusa da Wagadugu, sauro iri ɗaya ke cizon su. Suka ga Fulani ba su kai sauran yawan ƙwayar cutar a jini ba, ba su kai su yawan kwanciya ba, kuma garkuwar jikinsu ta fi tashi a kan cutar. Raguwa ce kawai. Binciken da aka yi a Mali daga baya ya nuna Fulani sun fi yawan kumburin saifa da ƙarancin jini. A 2001 kuma wannan ayari ya nuna cewa masu nau'in C na haemoglobin, wato sinadarin da ke sa jini ja, suna samun kariya, wanda ya gaje shi ta uwa da uba haɗarin kwanciyarsa ya ragu da kusan kashi 93 cikin 100.

Maman Khalil:
Don Allah Jauro a isar da wannan a ruga. Yaran Fulani da ake kawo mana sukan zo ne bayan jiki ya yi fari fat, an sha jiƙe-jiƙe an gaji. A kawo su da wuri, kuma idan masu rabon maganin damina na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun zo a karɓa, a ba yaro na kwana ukun cif.

Jauro Bello:
In sha Allahu Hajiya. Sai dai masu rabon ma ba kullum suke isa ruga ba, a gaya musu su ma.

Malam Nura Lissafi:
Ni dai a ganina a bar son rai. A duniyar ilimi akwai ma'auni: takardu nawa ka buga, sau nawa wasu suka kafa hujja da su. A wannan ma'auni Coluzzi babba ne, babu gardama. A 2002 da aka fitar da cikakken tsarin gadon Anopheles gambiae, shi ma ya fitar da takardarsa ta taswirar zaren gadon jinsunan. Ba aikin masani ba ne gina asibiti. Aikinsa ya gano gaskiya ya rubuta.

Ɗan Ringim:
Malam Nura, su wa ke kafa hujjar? Masana ne ke ambaton masana. Uwar da ɗanta ke jijjiga a Sugungum ba ta cikin wannan ƙidaya.

Malam Nura Lissafi:
Tana ciki ba ta sani ba. Da ba a gano feshi kaɗai ba zai isa ba, da har yanzu ana zuba kuɗi a abu ɗaya.

Dakta Ummi:
Ku biyun kowa ya riƙe rabi. Ƙidayar ambato tana nuna cewa masana sun amfana, kuma Coluzzi ya cancanci nasa. Amma ni idan zan auna mai binciken sauro, abin da nake fara dubawa shi ne sunayen da ke gefen nasa, da yadda suke canzawa cikin shekaru. Wanda ya yi shekara ashirin yana zuwa ƙasa, har yanzu 'yan ƙasar suna cikin godiyar ƙarshen takarda kawai, akwai magana. A nan Coluzzi na 1998 ya fi Coluzzi na 1979 nesa ba kusa ba. Ko takardar 2013 da ta raɗa sunan, Maureen Coetzee ta Afirka ta Kudu ce a gaba, akwai ɗalibar Coluzzi, Alessandra della Torre, akwai kuma ɗan Mali, Mamadou Coulibaly.

Kuma kada a manta sunan ba ado ba ne. A ɗakin binciken Coluzzi aka gano, wajen 2001, cewa abin da ake kira gambiae a Afirka ta Yamma gida biyu ne, aka kira su M da S. M ɗin ne ya zama coluzzii. Bambancinsu ya shafe mu kai tsaye: gambiae ya fi son ƙananan ruwan da sama ta bari, masu bushewa da wuri, shi kuwa coluzzii yana jure ruwa mai daɗewa irin na gonar shinkafa. Duk inda aka yi madatsar ruwa aka buɗe noman rani, kamar Kadawa da kwarin Haɗeja, an shimfiɗa masa wurin zama har da rani.

Baba Duba-gari:
Shi ya sa a da zazzaɓi da kaka muka san shi, yanzu a wasu garuruwan babu wata da ba a kwanciya.

Abu Hanifa Kazaure:
To Dakta, inda babu noman rani fa? Wata shida ko bakwai babu ɗigon ruwa, amma ruwan farko na sauka sauro ya cika gari. Daga ina yake fitowa?

Issoufou Maraɗi:
Wannan ma a Mali aka bi diddiginsa, kuma 'yan cibiyar Bamako ne tare da Tovi Lehmann na Amurka. Sun shafa wa sauro alama a ƙarshen damina suka saki, bayan wata bakwai suka sake kama mace ɗaya da alamarta a farkon damina ta gaba. Alƙaluman da Adama Dao da abokansa suka buga a 2014 sun nuna coluzzii yana laɓewa ne ya yi rani a wurin, sauran kuma daga nesa suke dawowa. A wani aikin da aka buga a 2019, sun ɗaura raga mai danƙo a jikin balan-balan suka tura sama, tsakanin mita 40 zuwa 290, suka kamo sauro da iska ke tafiya da su cikin dare, yawancinsu mata da suka riga suka sha jini. Ka ga tsakanin Maraɗi da Katsina babu iyaka a wurinsu. Irin wannan aiki ne ya kamata cibiyar binciken lafiya ta CERMES da ke Yamai da jami'o'inku su riƙa yi tare.

Ɗan Ringim:
Ka ga inda aka bar mutane abin da ya haifar. Ni har yanzu ban sauka daga maganata ba, an ci bashin Garki. Sai dai na ji cewa ba mutum ɗaya ake bi ba.

Dakta Ummi:
Ana ɗan motsawa a nan ma. Masu bincike na Jami'ar Bayero, tare da Farfesa Charles Wondji ɗan Kamaru da ke aiki a Liverpool, sun gwada coluzzii na Auyo da Bunkure, suka buga a 2014 cewa ya daina jin magungunan da ake sa wa gidan sauro yadda ya kamata. Wannan ba sabon abu ba ne a ƙasarmu, tun 1955 aka ga sauron yankin Birnin Kebbi ya daina jin maganin feshi na dieldrin. Irin wannan gwaji ne ke sa a canza nau'in gidan sauron da ake rabawa zuwa mai magani biyu.

Maman Khalil:
To Dakta ni tambayata ta aiki ce. Mata na ce mini suna kwana a gidan sauro amma yara na kamuwa. Me zan ce musu?

Dakta Ummi:
Ki ce kada su daina, domin mafi yawan cizon har yanzu tsakar dare ne, kuma ko maganin ya yi rauni ragar tana tarewa in ba ta yage ba. Sai ki tambaye su ƙarfe nawa yaran ke shiga. Idan yaro ya yi barci a tabarma tsakar gida tun bayan magariba, sai sha ɗaya a ɗauke shi a kai ɗaki, ya riga ya sha cizon na waje. In a waje za a kwana saboda zafi, a kafa sanda a ɗaura ragar a can. Kuma ki riƙa rubuta watan da yara suka fi zuwa da unguwar da suka fito, ko da ba wanda ya nema, zan so in ga na wannan daminar.

Maman Khalil:
Zan fara daga rajistar watan jiya, in turo miki ta akwatin sirri.